WA YA CE BUSASSHIYAR MURYA ITA CE TSORON ALLAH?

Akwai wata magana da ta daɗe tana cin mutane a rai, amma kowa yana jin nauyin furta ta domin waɗanda abin ya shafa 'yan gida ne. To amma gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba. Wata irin fahimta ce ta shigo cikin wasu samari masu kishin addini, wadda ta sa suke ganin duk muryar da ta hau ta sauka cikin daɗi da walwala, to Shaiɗan ne yake jan linzaminta. Da zarar saurayi ya fara zuwa karatu, ya sayi littattafai biyu ko uku, sai a ga fuska ta ɗaure tamau, murya ta bushe kamar ana buga gwangwani. Ya ji ƙanensa yana rera baitocin hadda da kari, sai ya daka masa tsawa wai ya daina waƙa. Ya ji ladan ya gyara murya da asuba, sai ya taɓe baki wai wannan ai mawaƙi ne. Kai, har ya ji mahaifiyarsa tana lallashin jariri da waƙar reno, ya shiga tunanin ta ina zai ɓullo ya yi mata nasiha. Subhanallah!

Babu mai shakkar niyyar waɗannan 'yan'uwa. Ɓarna suka gani ta yi yawa, suka tsorata, kuma suna da gaskiya da suka tsorata. Sai dai wanda ya ga maciji a ɗaki ya cinna wa ɗakin wuta, ba za a yaba masa ba don kawai macijin ya mutu.

Kada a haɗa magana biyu wuri ɗaya. Zancen kayan kiɗa, goge da garaya da algaita da fiyano, zance ne daban. Malamai sun daɗe da yin maganarsa, mafi yawansu sun tsananta, wasu irin su Ibn Hazm sun sassauta, kuma ga littattafai nan ga mai son ya bi hujjojin. Abin da ake magana a nan shi ne muryar ɗan Adam ita kanta, wadda Allah ya halitta a maƙogwaro: hawanta da saukarta, ja da taƙaitawarta, wannan kari da ke sa magana ta shiga kunne ta zauna a zuciya. Wannan ne aka wayi gari ana kunyarsa, kuma wannan kunyar ta jawo asarar da ba kowa ya lura da girmanta ba.

Da farko dai, Bahaushen da ya ce yana gaba da hawa da saukar murya, to da harshensa yake faɗa. Hausa harshe ne mai karin sauti. Masana harshe sun ƙididdige guda uku: na sama, na ƙasa, da mai faɗuwa, wato wanda yake farawa daga sama ya gangaro. Babu gaɓar da Bahaushe zai furta wadda ba ta ɗauke da ɗaya daga cikin ukun nan. A ɗauki kalmar kuka. In gaɓoɓin biyu suka tsaya a sama, hawaye ake nufi. In ta biyun ta sauko, bishiya ce da ake miya da ganyenta. Wuya kuwa, in aka fara sama aka sauka, wanda yake riƙe da kai ne. In aka fara ƙasa aka hau, wahala ce. Shi kan nasa ma da faɗuwar murya ake bambanta shi da kai na kiran mutum. Haka "ya zo": in an ja ta a sama, mutum ya riga ya iso, in an taƙaita ta a ƙasa, umarni ne ake bayarwa. A rubuce duk ɗaya suke, kari ne kawai alƙalin da yake raba su. Dalilin ke nan da ya sa makaɗin kalangu yake iya kiran sunan mutum ba tare da ya buɗe baki ba. Yana matse igiyoyin a hammata yana sassautawa, sautin yana hawa yana sauka yadda kalmar take, mai sunan kuma ya waiwayo. Ba don a wanke kalangu aka kawo wannan ba, sai don a gane cewa karin yana cikin maganar tun kafin makaɗi ya ɗauke shi. Shi kansa saurayin da ke hana kari, da kari yake hanawa, in ba haka ba babu mai gane abin da yake faɗa. Allah Ta'ala kuwa ya lissafa saɓanin harsuna cikin ayoyinsa a Suratur Rum. Ta yaya aya za ta koma abin ƙyama?

Wani zai ce ai wannan magana ce ta yau da kullum, rerawa daban. To sai a koma Madina a gani.

Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya ji karatun Abu Musal Ash'ari (RA), ya yaba masa, ya kwatanta muryarsa da irin zaƙin muryar da aka bai wa Annabi Dawuda (AS). Bukhari ya ruwaito daga Abdullahi bn Mugaffal (RA) cewa ranar buɗe Makka, shekara ta 8 bayan hijira, ya ga Manzo a kan taguwarsa yana karanta Suratul Fathi yana kai murya yana komo da ita. A cikin Bukharin dai akwai gargaɗi mai zafi ga wanda ba ya kyautata muryarsa da Alƙur'ani, a Abu Dawud da Nasa'i kuma akwai umarnin a ƙawata karatu da murya. Lokacin da Abdullahi bn Zaid (RA) ya ga kiran salla a mafarki, shi ne ya gani, shi ya kamata a ce ya fara. Amma aka umarce shi ya koya wa Bilal (RA), saboda muryar Bilal ta fi tasa tashi da kai wa nesa. Wato tun ranar farko an duba murya wajen zaɓen ladan. Ina waɗanda suke ganin duk wanda ya riga isa masallaci ya damƙi lasifika shi ne ladan, ko da muryarsa za ta tashi yaro daga barci a firgice?

A Makka ma, tun kafin hijira, me ya tayar wa Ƙuraishawa hankali game da Abubakar (RA)? Ɗan wurin salla ya yi a farfajiyar gidansa, yana karatu yana kuka, mata da yaran mushirikai suna taruwa suna saurare. Manyan gari suka ruga wurin Ibnud Dagina, wanda ya ba shi mafaka, wai a hana shi ɗaga murya kada ya janye musu iyali. Jubairu bn Muɗ'im ya je Madina kan maganar fursunonin Badar yana mushiriki, ya ji Manzo yana karanta Suratuɗ Ɗur a sallar magariba, daga baya ya ba da labarin cewa zuciyarsa ta kusa tashi sama. Maƙiya sun san ƙarfin wannan makami tun a wancan lokaci, sai ga masoya a yau suna son a mayar da shi kube.

Ba a karatu kaɗai ba. Da ake ginin masallacin Madina sahabbai suna ɗaukar tubali suna rera baitoci. Da ake haƙa ramin Khandaƙ a shekara ta 5, cikin sanyi da yunwa, suna rerawa Manzo yana amsa musu, ƙasa ta rufe masa ciki. Wannan da waƙar gayya da manoma suke yi a gona, ko ta mata a bakin turmi, asalinsu ɗaya: jiki ya gaji, murya ta ɗauke masa rabin kaya. Akwai Anjasha, bawan da yake rera wa raƙuma waƙar tafiya suna ƙara sauri. Manzo bai rufe masa baki ba, ce masa ya yi ya bi a hankali saboda matan da ke bisa. Ranar idi Abubakar ya tarar da 'yan mata biyu suna waƙa a ɗakin A'isha (RA), ya tsawata, Manzo ya ce ya ƙyale su domin ranar idi ce. Da aka kai wata amarya gidan wani mutumin Madina, shi ne da kansa ya tambayi A'isha ko ba su tafi da wani abin nishaɗi ba, domin mutanen Madina suna son haka. Duk waɗannan suna cikin Bukhari. Tirmizi kuma ya kawo shaidar sahabin da ya ce bai taɓa ganin wanda ya kai Manzo yawan murmushi ba. To ɗaure fuskar nan daga wa aka gada?

Imam Gazali, wanda ya rasu a 505 bayan hijira, ya yi dogon bayani a Ihya kan yadda sauti mai awo yake aiki a rai. Ya kawo misalin jariri da yake yin shiru a shimfiɗarsa in an rera masa, da raƙumi da yake manta nauyin kayansa in ya ji muryar mai kora. Wannan abu ne da kowace uwa a ƙasar Hausa ta sani ba tare da ta karanta Ihya ba.

Yanzu ga inda masu tsanantawa suke da abin riƙewa, kuma adalci ne a faɗa. Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya san akwai wurin da aka hana karanta Alƙur'ani da irin lanƙwashe-lanƙwashen mawaƙa. An san Imam Malik ya ƙi wannan. An san Umar bn Abdul'aziz ya gaya wa wani ladan ya yi kira mai sauƙi ko ya sauka. Gaskiya ne, babu mai musu. Sai dai a tambaya: mene ne aka hana? Imam Nawawi ya warware a littafinsa Tibyan. In karin ya kai mai karatu ga ƙara harafi ko rage shi, ko jan abin da ba a ja, to ya haramta. In kuwa harafi ya samu haƙƙinsa, kyautata murya abin so ne. Ibnul Ƙayyim a Zadul Ma'ad ya raba abin gida biyu: akwai karin da yake fitowa daga ɗabi'ar mutum ba tare da ƙaƙale ba, wannan magabata sun yi shi sun saurare shi, akwai kuma wanda ake ƙirƙira a kan awon mawaƙa a tilasta wa aya ta bi shi, wannan suka ƙi. Maganar a taƙaice, wa ke gaba, wa ke biye? Maddin da aka ce haraka biyu ne ya tsaya a biyu, na shida ya kai shida, gunna ta cika, sannan murya ta yi adonta a cikin wannan shinge. Mai karatun da zai ja harafi har numfashinsa ya ƙare don a yi masa kabbara da sowa, wannan ya sa aya ta zama baiwar kari, kuma shi Risala take nufi. Amma a ɗauki hukuncinsa a maka wa yaro mai haddar Tuhfa, ko tsohuwa mai reno, wannan zalunci ne da sunan fiƙihu.

Abin dariya, in abin dariya ne, shi ne yawancin samarin nan wayoyinsu cike suke da karatun Shaikh Sudais da Abdulbasiɗ da Minshawi. In an ba su limanci sai su toshe hanci suna kwaikwayo. Ashe ba kari suke ƙi ba, karin gida suke ƙi. In gardi ya tashi tilawa cikin dare da ruwayar Warsh, da irin karin tsangaya da aka gada kaka da kakanni, sai a yi masa kallon ɗan ƙauye. In an ji irinsa daga Masar ko Hijaz, sai a lumshe ido. Tajwidi wajibi ne a gyara shi a ko'ina, a tsangaya da Islamiyya baki ɗaya. Amma kari ba shi da alƙibla, babu nassin da ya ce sai na wata ƙasa Allah yake karɓa.

Babbar hujja kuwa tana nan kusa, ba sai an tsallaka teku ba. Da me Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya karantar da talakawan Gobir da Zamfara da Kabi? Ya rubuta littattafai da Larabci, amma waɗannan na malamai ne. Makiyayi a ruga da manomi a ƙauye da matar da ke cikin kulle ba su jin Larabci. Su da waƙa aka je musu. Shehu ya tsara waƙoƙi masu ɗimbin yawa, mafi yawansu da Fulatanci, kan tauhidi da hukunce-hukunce da tsoron lahira da yabon Manzo. Ƙanensa Abdullahi ya yi, 'ya'yansa sun yi. Shekaru kusan talatin ana wannan kafin hijira zuwa Gudu a 1804. Kafin takobi ya fita daga kube, baiti ya riga ya shiga gidaje.

Kuma ba za a ce Shehu mai sassauci ne ga wasa ba. A Kitabul Farƙ ya lissafa shagaltuwa da kaɗe-kaɗe dare da rana ba da wata manufa ta shari'a ba cikin halayen sarakunan da ya yi yaƙi da su, ya bambanta shi da gangar tara runduna da makamancinta. Mutumin da ya soki kiɗan fada shi ne kuma ya cika ƙasa da waƙa. Ya san bambancin da samarin yau suka kasa ganewa.

Sai 'yarsa Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864. Ita ce ta tsara 'yan taru. Ta naɗa jajoji, dattijan mata da ake sa wa malfa, suna jagorantar matan ƙauyuka zuwa wurinta, su koyi waƙoƙi su koma su koyar. Matar da ba ta san alif ba sai ga ta ta haddace yadda ake alwala da tarihin Manzo da sunayen surori, tana niƙa tana rerawa, 'yarta na gefe tana ɗauka. Ita ce ta mayar da waƙar mahaifinta Tabbat Haƙiƙa zuwa Hausa, ɗan'uwanta Isa ya yi mata tahamisi, waƙar da take gargaɗin masu mulki da alƙalai kan zalunci. Babu rediyo, babu maɗaba'a, babu mota, amma saƙo ya kai inda ƙafar malami ba ta taka ba. Me ya ɗauke shi? Kari. A cire karin a bar kalmomin tsura, a gani ko za su kwana biyu a kan wanda bai iya karatu ba.

Malaman nan ba da ka suka yi ba. Sun karanci ilimin aruli, wanda Khalilu bn Ahmad na Basra ya tsara, ya fitar da karuruwa 15, Akhfash ya ƙara na 16. Da yake Hausa tana da gaɓa doguwa da gajera kamar Larabci, sai awon ya zauna mata daram. Haka duniyar Musulmi take karatu tun da. Nahawu a Alfiyyar Ibn Malik, baiti kusan dubu. Fiƙihu a Ibn Ashir da Ƙurɗabi. Tajwidi a Jazariyya da Tuhfatul Aɗfal. Sarfu a Hisnur Rasin na Abdullahin Gwandu. Me ya sa manyan malamai suka ɗauki wahalar saka ilimi cikin baiti? Domin sun san zube yana zubewa, abin da aka rera kuwa yana maƙalewa. Dattijo zai manta abin da ya ci jiya, amma a ɗauko masa farkon baitin da ya haddace yana ɗan shekara goma, sai ya ƙarasa.

Ko a ƙarnin da ya wuce, Malam Aliyu Namangi na Zariya, makaho ne, ya rasu a 1990. Waƙarsa Imfiraji ta zaga ƙasar Hausa a bakin makafi masu bara da kuma gidajen rediyo. Mutane da yawa da ba su taɓa zama a zauren malami ba, a ƙofar gida suka fara jin bayanin mutuwa da kabari da hisabi, daga bakin makaho da ɗan jagoransa. Wa'azi nawa na lasifika ne ya yi irin wannan tafiya?

To wannan gado ne aka yi wa riƙon sakainar kashi. Kuma sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Kunnen yaro ba ya zama fanko, in ba a zuba masa ba wani zai zuba. A 1990 aka fitar da Turmin Danya a Kano, daga nan harkar fim ɗin Hausa ta kankama. Kafin ƙarshen shekarun nan fiyano ya mamaye sitidiyo, aka shiga ɗauko karin waƙoƙin Indiya ana ɗora musu kalmomin Hausa. A 1997 wani kamfani a Amurka ya fitar da Auto-Tune, manhajar da wani injiniya mai suna Andy Hildebrand ya ƙirƙira bayan ya yi aikin nazarin sauti a harkar haƙar mai. Aikinta shi ne ta kama muryar mutum ta ja ta zuwa ga sautin da aka tsara mata. Wanda bai iya rerawa ba sai ta rera masa. In aka matsa ta da yawa sai murya ta koma kamar ta ƙarfe, ta mace da ta namiji da ta yaro duk su zama ɗaya. Yau ita ce take fita daga shagon caji da Keke Napep da wayar ɗan Islamiyya.

A lura da abin da ya faru a nan, domin ya wuce maganar batsa da rawa, waɗanda kowa ya riga ya sani. Mawaƙin da na gida yana sa karin waƙa ya yi tafiya da karin magana, shi ya sa ake jin kowace kalma. Amma in an riga an aro kari daga wani harshe, sai kalmar Hausa ta bi dole. A ja gajeren wasali, a taƙaita dogo, abin da ya kamata ya sauka ya hau. Wuyan da ke riƙe da kai ya koma wahala, mai saurare bai ma damu ba, domin ba ma'ana yake bi ba, jijjiga yake bi. Wannan cutar ita ce dai wadda Nawawi ya yi magana a kanta game da karatu, wato kari ya hau kan harafi, sai ga ta ta bayyana a harshen gida. Abin takaici, har wasu masu waƙoƙin addini sun faɗa. A saurari wata ƙasidar, in ba a kasa kunne sosai ba, ba za a bambance ta da waƙar soyayya ta fim ba, na'ura ɗaya, kari ɗaya, sitidiyo ɗaya.

An gwada hani. An kafa hukumar tace fina-finai a Kano a 2001, har an taɓa dakatar da ɗaukar fim na tsawon watanni a 2007. Hani yana da wurinsa. Amma shin waƙoƙin sun bar wayoyin yara? Daga kaset suka koma faifai, daga faifai suka koma katin waya, yanzu ga su a TikTok. Wanda ya ƙwace wa yaro abin da ke hannunsa bai ba shi wani ba, kuka kawai ya saya, kuma da ya juya baya yaron zai ɗauko wanda ya fi na farko muni. Nan ne laifin masu busasshiyar murya yake. Sun rufe ƙofar halal da hannunsu, sannan suna mamakin cunkoson da ke ƙofar haram.

Sai kuma abin da aka maye gurbin kari da shi: ihu. Mai wa'azi ya kama lasifika ya fara daga ƙololuwa, ya zauna can awa biyu bai sauko ba. Maganar rahama da tsawa, maganar Aljanna da tsawa, gaisuwa ma da tsawa. Za a ce ai Muslim ya ruwaito cewa in Manzo yana huɗuba muryarsa tana ɗaguwa, idanunsa su yi ja kamar mai gargaɗin runduna. Haka ne. Amma abin da aka ce ya ɗagu, ai daga ƙasa ya taso. A'isha ta siffanta maganarsa da cewa mai son ya ƙirga kalmominta zai iya ƙirgawa. Wanda yake ihu daga farko har ƙarshe ba shi da sauran wurin hawa in ya zo inda ya kamata a hau, kunnuwa kuma sun riga sun toshe. A koma a karanta wasiyyar Luƙman ga ɗansa a kan sassauta murya, a ga dabbar da aka ba da misali da ita.

Aikin da ke gaban matasa ba boyayye ba ne. Malamin Islamiyya ya bar yara su rera haddarsu, ya ma zaɓa musu kari mai daɗi, ya tsaya kan gyaran harafi. Kwamitin masallaci ya nemi mai murya ya ba shi kiran salla, a daina jin kunyar gaya wa wani cewa Allah ya ba shi lada a wani fagen. Saurayin da Allah ya ba shi baiwar tsara magana ya je ya durƙusa ya koyi aruli, ya saka hukuncin ciniki da haƙƙin maƙwabci da tarihin sahabbai cikin baitin Hausa mai awo, ya rera da muryar da aka haife shi da ita. Tsofaffin da suka haddace waƙoƙin wa'azi na da suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, kowane saurayi kuwa yana da na'urar ɗaukar murya a aljihunsa. Me ake jira?

Akwai kuma waɗancan samarin da ke sitidiyo da bakin titi, masu muryar da in sun buɗe baki sai an waiwayo. Su ma akwai abin da Sunna ta nuna a kansu. A shekara ta 8, ana dawowa daga Hunaini, ladanin Manzo ya yi kiran salla a hanya. Wasu samarin Makka su wajen goma suna gefe, zukatansu ba su karɓi addinin ba, suka shiga kwaikwayon kiran suna izgili. Manzo ya ji, ya aika aka zo da su, ya tambaya muryar wa ce ya ji ta tashi sama da sauran. Suka nuna Abu Mahzura. Ya sallami sauran ya riƙe shi. Shi da bakinsa ya ba da labarin cewa a wannan lokacin babu wanda ya ƙi jini kamar mutumin da yake tsaye a gabansa. Manzo ya koya masa kiran salla kalma bayan kalma, ya ba shi jaka da 'yar azurfa a ciki, ya ɗora hannu a kan makwarkwaɗarsa ya yi masa addu'a. Nan take ƙiyayyar ta juye ƙauna, ya roƙi a ba shi ladancin Makka, aka ba shi, ya tafi wurin gwamnan garin Attabu bn Asid da umarnin Manzo. An ruwaito cewa bai ƙara aske gashin wurin da hannun ya taɓa ba. Ladanci ya zauna a gidansa, daga ɗa zuwa jika, har Imam Shafi'i, wanda aka haifa a 150 bayan hijira, ya ambata cewa ya riski wani tattaɓa-kunnensa mai suna Ibrahim yana kiran salla a Makka.